Ranar da Labbo Ya Zaunar da Kanar

A da, in na ce wa mutumin Talata Mafara ni tsohon sojan ruwa ne, sai ya dube ni, ya dubi gulbinmu wanda jaki ke ƙetarewa da rani ko kofatonsa bai jiƙe ba, ya ce, "Allah Sarki. A wane ruwan?" Shekara ashirin da ɗoriya na yi a jirgi. Na ga Bambai, na ga Ingila, na ga Dakar da Jidda, amma a gida sunana bai wuce Cif mai yaƙi da kwaɗi ba. Yanzu da aka toshe gulbi a Bakolori, ruwa ya taru ta wajen Maradun har mutum ya tsaya a wannan gaɓa ya kasa hango waccan, masu dariyar nan su ne ke jawo mini tabarma. Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na sha fura cikin natsuwa ba. Kowa sai ya tambaye ni yadda teku take, da abin da Labbo ya yi wa Kanar. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Dalilin tafiyar wasiƙa ce daga wani tsohon hafsana. Ya ce za a yi atisaye na haɗin guiwa a wajen Kwatano, a bakin tekun Dahomi, wadda yanzu ake ce wa Binin, sojan ƙasa da na ruwa da na sama, namu da nasu, kuma suna neman tafinta wanda ya san Faransanci ya kuma san jirgi. Ni Faransanci a fataucin goro na tsince shi tare da kawuna tun kafin in sa kaki, don haka na amsa.

Labbo kuwa, ga wanda bai san shi ba, shi ne Sarkin Ruwan wani ƙauye da ke bayan Maradun, abokina tun muna yara. Ɗansa na fari, Umaru, ni na kai shi sojan ruwa, har ya zama Laftanal, kuma yana cikin waɗanda za su yi atisayen. A shekarar nan Labbo ba ya cikin walwala. Da ruwa ya fara hawa, shi ke ƙetarar da ma'aikata a kwale-kwale. Wata rana wani mai awon ƙasa ya matsa masa ya ɗora kaya fiye da kima, ya kuma ƙi zama inda aka ce ya zauna. Suka kife, littattafan awo suka jiƙe, aka kai Labbo gaban hakimi aka yi masa faɗa. Daga ranar ya soke filafilinsa a rufin ɗaki ya ce ya gama da ruwa.

Da na gaya masa zan tafi, sai ya ce, "An ce can akwai zaren koma mai kyau."

Na ce, "Akwai. Akwai kuma Umaru."

Ya kau da kai ya ce, "Ni zare zan dubo."

Kun san halinmu da ɗan fari. Tun da aka haifi Umaru, Labbo bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ranar tafiya ya zo tasha da wani ƙunshi a cikin tsohuwar tabarmar kaba, an ɗaure shi tam da igiya. Tun daga nesa na ji ƙamshi. Bandar kifi ce, ta ƙarshe da aka kama a gurbin da ubansa da kakansa suka yi su, kafin tafki ya haɗiye wurin. Na ce masa, "Labbo, teku fa za mu. Kifi za ka kai mata?" Ya ce guzurinsa ne. Amma har muka isa bai taɓa shi ba.

Ban bi ta Ikko ba, na zaɓi tsohuwar hanyar kawuna. Muka fita Mafara da hantsi, muka wuce ta gefen Bakura inda manyan injuna ke ta yankan gonaki suna haƙa magudanai, direba na ta nuna wa fasinja inda gonar surukinsa take a da. Muka kwana Sakkwato, washegari muka bi ta Birnin Kabi zuwa Kamba. Tsakanin Kamba da Gaya jandarman Nijar ya zunguri ƙunshin Labbo da bakin sanda ya tambaya da Zabarmanci mene ne. Na amsa masa da ɗan Zabarmancina. Da ya ji kifi ne, kuma Kwatano za a kai shi, sai ya kira abokin aikinsa, shi ma ya kira wani. Suka taru suna dariya har suka manta ba su dubi fasfo ɗinmu ba, sai da muka yi nisa aka biyo mu da keke aka buga mana hatimi.

A gadar Kwara Labbo ya roƙi direba ya rage gudu. Ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce, "Wanga dai gulbi ne." Daga shi wannan yabo ne babba.

Ƙetaren gadar shi ne Malanbil, ƙasar Binin. A lokacin gwamnatinsu ta hana "ranka ya daɗe", kowa kamarad ne, wato aboki, daga minista har mai tallar lemo. Labbo ya ji daɗin wannan tsari ƙwarai, har ya ce da ma a kawo shi Maradun. Sai muka tarar an tashi hutun rana, don su daga sha biyu zuwa uku ko gobara ake yi ba a buɗe ofis. Muka tsaya a rana, kamarad mai hatimi yana kwance a kan benci a inuwa muna kallonsa. Da aka buɗe, Labbo ya ce mini a hankali, "Ashe abokan ma wani ya fi wani inuwa."

A Faraku muka sauka a zango, gidan wani Bakatsine mai saukar baƙi wanda ya san kawuna. Aka kawo mana sakwara da miyar cukun Fulani. Labbo ya ci ya ƙara, ya ce in ban da tana bin hannu kamar danƙo ba ta da laifi. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandar makiyayi, kowa ka gani da safe yana saɓe da shi a hammata. Daga nan muka hau jirgin ƙasa, wanda ya yini yana rarrafe zuwa kudu, mata na miƙo abarba ta taga a kowace tasha.

Kafin a fara aiki na sami yini ɗaya, na kai Labbo wani gari kusa da Kwatano wanda aka gina a kan ruwa. Gidaje a kan turaku, kasuwa a cikin kwale-kwale, har akuya a ɗan tsibirinta. Na ga irinsa a ƙasar Hindu, don haka ni Labbo nake kallo. Muka zagaya garin muka juyo. Ya ce, "Waɗanga ruwa ya iske su, ko su suka iske shi?" Mai tuƙa mu ya ce kakanninsu ne suka gudo cikinsa don mahara. Labbo ya ce, "To, su sun shirya." Teku kuwa da ya gan ta, ɗanɗanawa ya yi ya tofar, ya ce an ɓata ruwa.

Bari in ɗan yi bayani a nan, don abin da ya biyo baya ya fito. A zamanin da na shiga aiki, sojan ruwa shi kaɗai yake yaƙinsa, jirgi da jirgi, kuma kyaftin a jirginsa ba mai ɗaga masa murya. Yanzu abin ya sauya. Jirgi ya zama mai ɗauko sojan ƙasa ya sauke shi, jirgin sama na tsaronsu daga bisa, duka a ƙarƙashin mutum ɗaya. Wahalar ita ce kowa da abin da yake duba. Sojan ƙasa agogo yake duba. Na sama yana duba haske da gajimare. Na ruwa kuwa wata yake bi, don teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan sa'a guda. Turawan Ingila na ga sun yi rigima a kan wannan, Indiyawa ma haka. Mu ga namu ya zo.

Shugaban atisayen wani Kanar ne na sojan ƙasa, mutumin Bauci, gajere mai fara'a, ya yi yaƙi, kuma ba ya son a maimaita masa magana. Shirin shi ne ƙananan jirage uku, waɗanda Umaru ke shugabanta, su ɗauko sojoji daga babban jirgi, su shiga ta bakin wani tafki inda ya haɗu da teku, su sauke su a gaɓar ciki. A taron shiri Kanar ya dafa taswira ya ce ƙarfe tara na safiyar jibi, don a lokacin ne manyan baƙi na ƙasashen biyu za su zauna a rumfa. Matuƙin jirgin sama ya ce tara ta yi masa. Ni na juya maganar zuwa Faransanci, amma tun da safe na duba takardar ruwa, mai nuna lokacin cikar teku da janyewarta. Ƙarfe taran jibi teku ta gama janyewa, kuma a bakin tafkin nan akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa.

Na dubi Umaru. Ya tashi, ya ajiye takardar ruwa a gefen hannun Kanar cikin ladabi, ya koma ya zauna. Kanar ya ɗora kofin shayinsa a kanta. Tafinta dai ba shi da bakin kansa.

Da la'asar Umaru ya zo masaukinmu a zangon Kwatano. Ya durƙusa ya gaida ubansa, uban ya amsa yana duban bango, ya tambayi lafiyar mutanen jirgi. Sannan Umaru ya juyo gare ni ya faɗi abin da na riga na sani. In ya bi umarni jiragen suka kafe a gaban baƙi, shi za a ɗora wa. In ya ƙi, za a karɓe jiragen a ba wani, ya koma tebur a Ikko. Ko ta ina, jiragen nan uku da ya yi shekaru yana nema za su fita hannunsa.

Labbo ya ce da ni, ba da shi ba, "Cif, tambaye shi mi ya hana shi faɗi."

Umaru ya ce, "Baba Cif, ka ce masa Kanar ne. Ya kusa haihuwata. Na ba shi a rubuce."

"Kanar na tudu ko na ruwa?"

"Na tudu."

"To ka ce mai takarda ba ta da murya. Gidanmu ba a taɓa shiga jirgi mai kaya ya faɗa wa mai tuƙi lokaci ba."

Umaru ya sunkuyar da kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba Cif, ka tambaye shi ina filafilinsa."

Ban tambaya ba. Ranar na yi tafinta daga Hausa zuwa Hausa, kuma ita ce mafi wuyar da na taɓa yi. Labbo ya tashi ya ce zai yi alwala, alhali yanzu muka idar da salla.

Washegari Kanar ya ce zai je ya ga gaɓar da idonsa, ƙarfe takwas. Wanda ya san ruwa ya san takwas ta ranar ita ce taran gobe. Labbo ya biyo ni bakin jirgi da ƙunshinsa, wai kyanwoyin zango sun sa masa ido. Kanar ya gan shi, aka ce masa uban Laftanal ne, kuma Sarkin Ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, shigo ka ga irin namu ruwan."

Kafin a kwance igiya Umaru ya ƙame, ya sara, ya ce da ƙarfi yadda hafsoshin Binin biyu da ke wurin za su ji, "Ranka ya daɗe, jirgin nan ba zai wuce bakin tafki yanzu ba. Gobe ƙarfe tara ma ba zai wuce ba."

Dole na juya musu da Faransanci. Fara'ar Kanar ta ɗauke. Ya ce, "Laftanal, na tambaye ka?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To tuƙa. In ba ka iya ba, akwai wanda ya iya."

Muka tafi. Umaru ya shiga bakin tafkin a hankali, kamar mai taka ƙaya. Duk da haka sai muka ji ƙasan jirgi ya gogi yashi, ya ƙara, ya tsaya cik. Igiyar ruwa ta zo ta gefe ta mare mu. Kanar ya miƙe tsaye yana ba da umarni a tura, hafsoshin nan biyu suka miƙe, dogarinsa ya miƙe, dukansu suka yi dama don su leƙa. Jirgi ya karkata har ruwa ya fara shigowa ta baki, ga wata igiyar tana tahowa. Na buɗe baki, amma wani ya riga ni.

"Kai mai taurari, zauna."

Labbo ne. Bai ɗaga murya ba, irin muryar da yake yi wa mata masu tallar nono in sun taru gefe ɗaya ce. Ya nuna hafsoshin Binin da haɓa ya ce, "Ku biyun can, hagu." Ban ma fassara ba suka koma. Kanar ya dube shi, ya dubi ruwan da ke kan takalminsa, ya zauna. Jirgi ya daidaita, Umaru ya samu ya juya hancinsa ga igiya, aka jefa anga.

Sai jira. Ba abin da za a yi sai teku ta ga dama, kuma ta ɗauki kusan sa'a uku. Ni ina lissafin ta wace hanya zan mayar da uba da ɗa gida. Da rana ta ɗaga, yunwa ta fara magana, don Kanar ya ce a dawo a karya. Labbo ya jawo ƙunshinsa, ya kwance igiyar da ya ɗaura tun Maradun, ya ɓare kifi ɗaya ya miƙa wa Kanar. Na biyu ya ba ni ya ce, "Miƙa wa mai tuƙi."

Kanar ya ci, ya tsotse ƙaya, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana yaro. Sannan ya ce, "Baba, a garinku wa ke ba ka umarni a cikin jirgi?"

Labbo ya ce, "Da dai ba kowa. Ubana ya taɓa zaunar da hakimi kwana biyu bakin gulbi da dawakinsa, don ruwa bai kwanta ba. Ni ko bana na bar wani mai littafi ya ba ni, muka sha ruwa ni da shi."

"In kun fita tudu fa?"

"In an fita tudu ni talakan hakimi ne. In tuɓe takalmi in faɗi in yi gaisuwa."

Kanar ya goge yatsu. Ya ce, "Laftanal, ina takardar nan taka?" Umaru ya zaro wata daga aljihu. Kanar ya ce, "Kar ka ba ni. Karanta mini, da baki." Umaru ya karanta, ya ce gobe ruwa zai cika wajen ƙarfe uku na rana. Kanar ya juyo gare ni ya ce, "Cif, faɗa wa abokanmu, kuma a rubuta. Daga babban jirgi zuwa gaɓa, magana ta Laftanal ce, har ni. Daga inda ƙafar sojana ta taɓa ƙasa, tawa ce, har shi. An mayar da abin ƙarfe uku." Ya dubi Umaru ya ƙara da cewa, "Kai kuma gobe in kana da magana, ka yi ta a ɗakin taro, kar ka jira sai na jiƙe."

Atisayen kansa ba shi da wani dogon labari. Baƙi sun ci abinci kafin a fara maimakon bayan an gama, don haka rabinsu gyangyaɗi suke yi lokacin da jiragen sama suka wuce suka tashe su. Jiragen Umaru uku suka shiga bakin tafki sumul, sojoji suka diro, in ban da wani kofur da teku ta juya wa ciki ya fito yana rarrafe. Ni kuma na zame a kan tsani na rasa hulata. Jiragen suna hannun Umaru har yau.

Da za mu taho Umaru ya raka mu tasha. Labbo ya ce masa, "A gaida mutanen jirgi," ya shige. Sai da muka wuce tasha biyu ya ce, "Cif, abin nan da ke kafaɗar yaron nan, babba ne?" Na ce da sauransa, amma yana hanya. Ya ce to. Zaren koma kuwa sai a Gaya muka tuna ba a saya ba.

Makon jiya na je Maradun. Na tarar da filafili ya sauko daga rufin ɗaki. Ina tsaye a mashaya wani ma'aikaci ya zo da akwatunan awo biyar da 'yar hular rana, ya ce sauri yake yi. Labbo ya ɗauki uku ya ce sauran sai ya dawo, ya nuna masa tsakiyar jirgi. Mutumin ya fara magana, ya dubi fuskar Labbo, ya zauna.

Gurbin da aka kama kifin nan yana ƙarƙashin tafki, ba kuma za a ƙara cin irinsa ba. Amma a mashayar Labbo, duk wanda ya sa ƙafa a jirgi yana zama inda aka nuna masa, har a kai tudu.